Hagada, littafin da ake karantawa abinci na gaba

Ƙissar Annabi Musa da Fir'auna ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Almajirin da ke zaune da allonsa a wani zaure a Garwa ko Marwa yana jin ta tun karatunsa bai kai Suratul A'arafi ba, mai zuwa coci kuwa yana samun ta a Littafin Fitowa. Su Yahudawa, da yake tarihin kakanninsu suka ɗauke ta, sai suka ware mata dare guda a shekara, kuma a gida ake yi, iyali na zaune abinci na gabansu. Wannan zaman shi ake kira Seder, wato tsari. Littafin da ake bi kuma sunansa Hagada, wato ba da labari, daga ayar Fitowa 13:8 da ta umarci uba ya faɗa wa ɗansa labarin a wannan rana. Wanda ya riƙe wannan ayar ya gane littafin, domin kusan duk abin da ke cikinsa dabara ce ta sa yaro ya buɗe baki ya yi tambaya.

Idin sunansa Fesah, a Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma Idin Ƙetarewa. Yana farawa daren 15 ga watan Nisan. Watanninsu na bin wata ne irin na Hijira, sai dai suna ƙara wata guda sau 7 a kowace shekara 19, shi ya sa idin ba ya zagaya shekara yadda azumi ke yi. Kullum tsakanin ƙarshen Maris ne da Afrilu, lokacin da bazara ke gasa mu a nan. A 2025 ya kama daren 12 ga Afrilu, a 2026 kuma daren 1 ga Afrilu. A ƙasar Isra'ila kwana 7 ne da Seder ɗaya, a wajenta masu bin tsohon tsari suna kwana 8 da Seder dare biyu a jere.

Ba mutum ɗaya ya rubuta Hagada ba, ba kuma a zamani ɗaya aka gama ta ba. Sa'ad da Haikalin Ƙudus, babban ɗakin ibadarsu, ke tsaye, yanka ne ginshiƙin idin: a yanka ɗan rago a Haikali, a gasa shi ɗungurungum, a cinye a daren, ba a karya ƙashi, ba a bar saura ya kwana. A shekara ta 70 miladiyya sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin, yanka ya tsaya cak. Sai malamansu suka ɗauke nauyin daren daga kan rago suka ɗora shi kan magana. Tsarin farko da aka rubuta yana cikin Mishna, kundin dokokin da aka tattara wajen shekara ta 200, a babi na 10 na sashen Fesahim. Babin gajere ne, amma ƙashin bayan Seder na yau duk yana ciki. Can aka ce ko matalaucin da ke cin abincin sadaka kada a ba shi ƙasa da kofi huɗu, kuma kada ya ci sai ya kishingiɗa irin na 'ya'ya, ba bayi ba. Can aka ce ɗa ya yi tambaya, uba ya koya masa gwargwadon hankalinsa, a fara da ƙasƙanci a ƙare da yabo.

Wane ƙasƙanci ke nan? Malamai biyu na Babila, wato Iraƙi ta yau, Rab da Shamu'el, sun saɓa a ƙarni na 3. Ɗaya ya ce a fara da cewa kakanninmu masu bautar gumaka ne tun zamanin mahaifin Annabi Ibrahim, ɗayan ya ce a fara da cewa mu bayin Fir'auna ne a Masar. Waɗanda suka zo bayansu ba su zaɓi ɗaya ba, suka sa duka biyun. Halin littafin ke nan har yau, yana karɓar ƙari, ba ya son zubar da abin da ya riga ya shiga, shi ya sa mai karatu kan ji kamar an fara labarin sau biyu.

Cikakken rubutu mafi daɗewa da aka sani yana cikin littafin addu'o'in Amram Ga'on na garin Sura a ƙarni na 9, sai na Sa'adiya Ga'on, mutumin Fayyum ta Masar, wanda ya rasu a 942. Akwai kuma guntayen takardu da aka samo a wani ɗaki na majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira, inda Yahudawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna tara duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah don kada ta wulaƙanta, ladabin da mu ma muka sani sarai. A wasu daga cikin guntayen tambayoyin yaro uku ne, ba huɗu ba, abin da ke nuna littafin bai daskare a siffa ɗaya da wuri ba. Da injin ɗab'i ya zo an buga ta a Sonsino ta Italiya a 1486, an buga mai hotuna a Firag a 1526, sai ta Amsadam a 1695 mai ɗauke da taswira. Tun daga nan an yi bugu dubbai, da fassara cikin Larabcin Yahudawa, da Ladino, da Yidish, domin doka ce kowa a wurin ya fahimci abin da ake faɗa.

A cikin na rubutun hannu babu wadda labarinta ya kai na Sarayebo. An yi ta a yankin Basalona wajen 1350, ta bar ƙasar Sifen bayan korar Yahudawa a 1492, ta bi ta Italiya inda wani mai tace littattafai na coci ya sa mata hannu a 1609, gidan tarihin Bosniya ya saye ta a 1894. A 1942 wani janar na Jamus ya zo neman ta, sai mai kula da littattafan gidan, wani malami Musulmi mai suna Darwish Korkut, ya ɓoye ta a jikinsa ya fitar da ita, aka adana ta wurin wani limami a ƙauyen kan dutse har yaƙi ya ƙare. A wasu shafukanta akwai tabon ruwan inabi. Da ita aka ci abinci, ba a akwati ta yi rayuwarta ba.

Kafin a buɗe littafin akwai aikin da ya fi karatun wuya, wato raba gida da hamets. Hamets shi ne duk abin da aka yi da ɗaya daga hatsi biyar, alkama da sha'ir da danginsu uku da ba a nomawa a ƙasarmu, idan ruwa ya taɓa shi ya zauna har ya fara tashi. Burodi, biskit, taliya, duk sun shiga. Ana share gida lungu-lungu, daren jajibiri a bi da kyandir a duba, da safe a ƙone abin da aka samu. Gero, dawa, masara da shinkafa ba sa cikin biyar ɗin, don haka ba su zama hamets, ba kuma a yin gurasar idin da su. Duk da haka Yahudawan Turai, Ashkenazi, sun ɗora wa kansu al'adar barin shinkafa da gero da wake a kwanakin, yayin da da yawa daga na ƙasashen Larabawa ke cin shinkafarsu.

Gurasar idin sunanta matsa. Kada sunan ya sa ka tuna masarmu ta tanda, domin kishiyoyi ne: masa da kisrar Chadi sai ƙulli ya kwana ya yi tsami suke daɗi, matsa kuwa duk aikinta gudun tashi ne. Gari da ruwa kawai, ba gishiri, ba mai, ba yisti. Daga lokacin da ruwa ya taɓa gari zuwa shigarta tanderu kada a wuce minti 18, kuma hannu ba ya barin ƙullin. Ruwan ma tun yammacin jiya ake ɗebo shi a ajiye ya kwana ya huce, ba a kwaɓi a rana ko kusa da wuta. Duk macen da ta taɓa kwaɓa fanke a watan Afrilu a Marwa ta san dalili, zafi na tayar da ƙulli kafin ka juya. Ana murza shi siriri, a huda shi ko'ina don kada iska ta taru, a jefa a tanderu mai tsananin zafi. Wadda ta naɗe a gefe ko ta yi ƙulun kumburi ana fitar da ita, saboda ana tsoron cikin naɗin bai gasu ba. Bayan kowane zagaye ana kankare tebur da muciyar murji, don ɗan ƙullin da ya maƙale ya wuce lokacinsa zai ɓata na gaba. Ta Turai busasshiya ce ƙarau, ta Yahudawan Yaman kuwa mai laushi ce, ta fi kama da gurasar da muka sani.

A tsakiyar tebur ana ajiye matsa uku a rufe, da faranti mai abu shida: gasasshen ƙashin ƙafa, madadin ragon Haikali, wanda ba a ci, dafaffen ƙwai da aka ɗan babbaka, madadin hadayar idi, ganye mai ɗaci iri biyu, ɗanyen ganye irin faski ko seleri da ake kira karfas, sai haroset, wani kwaɓi mai zaƙi da ke wakiltar laka da bayi suka yi tubali da ita. Na Iraƙi da ruwan dabino da 'ya'yan itace masu ɓawo suke yin nasu, na Turai da tufa da kirfa.

Matakan daren 15 ne, kowanne da sunansa, ana rera sunayen tun farko don kada a ɓata jeri. Ba a farawa sai taurari sun fito. Ana buɗewa da addu'ar tsarkake rana a kan kofin farko. Kofunan huɗu ne, daidai da alkawura huɗu na Fitowa 6:6-7: zan fisshe ku, zan cece ku, zan fanshe ku, zan ɗauke ku ku zama jama'ata. Giyar inabi ce, wadda shari'arsu ta halatta, an fi son ja, yara da wanda ba ya sha kuma ana zuba musu ruwan inabi marar maye. Kofi sai ya ɗauki awon da ake kira rebi'it, mililita 86 a ƙiyasin da ya fi yaɗuwa, kusan cikin ƙaramin kofin gilashin shayi, masu tsanantawa kuma suna kai shi 150. Ana shanye fiye da rabi ana kishingiɗe ta hagu. Hagu aka zaɓa don hannun dama ya samu sakewa, kuma don gudun ƙwarewa. Mai ɗaukar babban kofi kansa yake wahalarwa, domin kafin na uku barci ya fara fizgarsa.

Daga nan sai a wanke hannu ba tare da addu'ar da aka saba ba, a tsoma ɗan karfas a ruwan gishiri a ci. Kaɗan ake ci, ƙasa da girman zaitun, don kada ya zama cin da ke bukatar addu'ar bayan abinci. Sai a karya matsar tsakiya biyu, a naɗe babban ɓangaren a ɓoye. Ka lura da abin da aka yi: an wanke hannu ba a ci abinci ba, an karya gurasa an ɓoye ta, sannan a zuba kofi na biyu ba a sha ba. Duk da gangan ne. Talmud, babban kundin sharhin malamansu a kan Mishna, ta ce ana raba wa yara gasasshen hatsi da 'ya'yan itace masu ɓawo don kada su yi barci, su ga abin da ba su saba ba su tambaya.

Mai gida ya buɗe matsa ya ce, cikin harshen Aramiya wanda shi ne na talakawa a lokacin, wannan ce gurasar wahala da kakanninmu suka ci a ƙasar Masar, duk mai jin yunwa ya zo ya ci. Sai autan gida ya miƙe da tambayoyi huɗu: me ya bambanta wannan dare da sauran? Don me matsa kaɗai, don me ganye mai ɗaci, don me tsomi sau biyu, don me kowa a kishingiɗe? A Mishna akwai tambaya a kan gasasshen nama, bayan an daina yanka ta faɗi, ta kishingiɗa ta maye gurbinta. Idan babu yaro, matar gida ta tambaya. Idan mutum shi kaɗai ne, ya tambayi kansa. Ko malamai biyu ne masana suka zauna, sai ɗaya ya tambayi ɗaya. A ganina nan ne hikimar littafin ta fi fitowa, kuma duk mai koyarwa, a allo ko a boko, yana da abin ɗauka a ciki.

Amsar ita ce mafi tsawon sashe. A cikinta akwai malamai biyar da suka kwana suna wannan labari a Bene Barak har almajiransu suka zo suka ce lokacin addu'ar asuba ya yi. Akwai 'ya'ya huɗu, mai hikima, mai taurin kai, mai sauƙin kai, da wanda bai ma san yadda ake tambaya ba, kowanne da irin amsarsa, na ƙarshen kuma kai za ka buɗe masa magana. Tushen bayanin ba Littafin Fitowa ba ne, ayoyi huɗu ne na Maimaitawar Shari'a 26:5-8, waɗanda manomi ke faɗa idan ya kawo nunan fari, ana warware su kalma-kalma kamar yadda malami ke yi a zaman tafsiri.

Abin da zai ba Musulmi mamaki shi ne sunan Annabi Musa kusan babu shi. A rubutun gargajiya sau ɗaya ya fito, cikin wata aya da aka kawo hujja. Littafin da kansa ya ce fitarwar ba ta hannun mala'ika ba ce, ba ta hannun ɗan aike ba, Allah ne da kansa. An kawar da bawa gefe don kada yaro ya jingina ceto ga wani ba Ubangiji ba.

Annoba goma ake lissafawa: jini, kwaɗi, kwarkwata, tarin namun daji, mutuwar dabbobi, marurai, ƙanƙara, fara, duhu, mutuwar 'ya'yan fari. Alƙur'ani ya ambaci ayoyi tara, ya jera biyar a A'arafi aya ta 133. A Seder, kowace annoba aka kira sai a ɗiga ɗigo ɗaya daga kofi da yatsa. Bayanin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne murna ba ta cika idan wasu halittun Allah sun halaka, ko da abokan gaba ne. Sai waƙar Dayenu, ma'ana da ya ishe mu, mai jero ni'imomi ɗaya bayan ɗaya. Yahudawan Iran da Afganistan a nan suke bugun juna a hankali da lawashin albasa, tunawa da bulalar masu gadin bayi. Na Maroko kuwa tun farkon labari ake zagaya farantin bisa kan kowa. Sashen na rufewa da maganar Rabban Gamaliyel, ɗaya daga malaman Mishna, cewa wanda bai bayyana ma'anar abu uku ba, rago da matsa da ganye mai ɗaci, bai sauke nauyi ba. Ana ɗaga matsa, ana ɗaga ganye, amma ba a ɗaga ƙashin, don kada ya zama kamar an yi hadaya a wajen Haikali. Sannan a faɗi jimlar da ta ɗauki daren duka: a kowane zamani wajibi ne mutum ya ga kansa kamar shi ne ya fita daga Masar. A karanta Zabura 113 da 114, a sha kofi na biyu.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Manya su tsunduma cikin sharhi, awa biyu ta wuce, yaran da aka shirya daren dominsu sun yi barci da yunwa. Gidan da ya san aiki yana ba kowa bugu iri ɗaya don shafuka su dace, yana raba karatun, yana fassarawa.

Sai a sake wanke hannu, wannan karon da addu'a, ba magana har an ci matsa. Awon ci shi ne girman zaitun, wanda ake ƙiyastawa tsakanin giram 15 da 30 gwargwadon malamin da ake bi, a cinye cikin kamar minti 4, a kishingiɗe. Wanda ya manta kishingiɗa sai ya sake. Ganye mai ɗaci kuwa a zaune ake ci, don ba a kishingiɗa wa bauta. Latas ne asali, Talmud ta ce farkonsa laushi ƙarshensa tauri, kamar zaman Masar. Dole a duba shi ganye-ganye a haske, domin ƙananan ƙwari haram ne a shari'arsu. Na Turai ta gabas, da ba su da latas a wannan lokaci, sun koma ga wata farar saiwa mai yaji da ke hawa hanci. Idan an goga ta aka bar ta a buɗe ƙarfinta na tafiya, idan aka jiƙa ta a ruwan tsami kuma ba ta karɓuwa. Ana tsoma ganyen a haroset a kakkaɓe, don zaƙi kada ya kashe ɗacin. Bayansa a haɗa matsa da ganye a ci tare, yadda wani babban malaminsu, Hillel, ke yi a zamanin Haikali.

Abincin dare na gaske sai yanzu. Gidajen Ashkenazi ba sa cin gasasshen nama a daren. Kada a cika ciki, domin akwai sauran aiki: ɓangaren nan da aka ɓoye, afikoman, wanda yara ke nemowa a ba su tukuici. Shi ne loma ta ƙarshe, a ci shi kafin tsakar dare, wato rabin tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, ba lallai sha biyun agogo ba. Bayansa ba a cin komai, don ɗanɗanon matsa ya zauna a baki.

Addu'ar bayan abinci da kofi na uku, a cika wani kofi daban na Annabi Iliyasu wanda ba mai sha, a buɗe ƙofa, a ƙarasa Zabura 115 zuwa 118 da 136, a sha na huɗu, a ce baɗi a Ƙudus. Ba kowa ke bin wannan tsari ba: Beta Isra'el na Habasha, da ba su da Talmud, limamansu daga Attaurarsu ta harshen Ge'ez suke ba da labarin, Samariyawa kuma har yau suna yanka raguna a Dutsen Gerizim.

Waƙoƙin ƙarshe sun shigo a makare, wasunsu a bugun Firag na 1590 suka fara bayyana. Ɗaya ta ƙidaya ce daga ɗaya zuwa goma sha uku, ana farawa da Allah ɗaya. Ta rufewa kuma sarƙa ce irin ta tatsuniyoyinmu: uba ya sayi ɗan akuya da kuɗi biyu, kyanwa ta cinye shi, kare ya ciji kyanwa, sanda ta doki kare, wuta ta ƙone sanda, ruwa ya kashe wuta, sa ya shanye ruwa, mahauci ya yanka sa, mala'ikan mutuwa ya ɗauki mahauci, Allah ya kawar da mala'ikan mutuwa. Kowane baiti sai an maimaito sarƙar da baya-baya har zuwa farko, ana ƙara sauri, a wasu gidaje yara na kwaikwayon kukan kowace dabba.